Sharhi kan PipeWire: yadda Linux ke ƙoƙarin cika wa'adin sauti da bidiyo

PipeWire manhaja ce da ke zaune tsakanin manhajojin da mutum yake buɗewa da na'urorin da ke fitar da sauti ko ɗaukar hoto a kwamfutar da ke aiki da Linux, kuma galibin masu amfani da ita ba su ma san da zamanta ba, domin ba ta da taga ko tambarin da ake latsawa. Amma duk lokacin da aka kunna karatu ko kiɗa, ko aka shiga taron bidiyo, ko aka nuna wa abokan aiki fuskar kwamfuta ta intanet, to a mafi yawan ire-iren Linux na yau ta hannunta abin yake bi. Wim Taymans, injiniya a kamfanin Red Hat kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka gina GStreamer, wato tsarin da manhajoji ke sarrafa sauti da bidiyo da shi, shi ne ya fara aikinta a 2015 da nufin sarrafa bidiyo kaɗai, sai a 2017 ta samu sunan da take amsawa yanzu. Fedora 34 ce ta fara danƙa mata ragamar sauti baki ɗaya a 2021, Ubuntu ta bi sahu a fitowarta ta 22.10, Debian 12 ta karɓe ta a teburin GNOME a 2023, kafin ƙarshen wannan shekarar kuma aka saki siga ta 1.0. Kyauta ake samun ta a ƙarƙashin lasisin MIT, kowa yana da damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya kuma gyara.

Ra'ayina a kanta ba ɓoyayye ba ne. Ita ce mafi alherin abin da ya samu harkar sauti a Linux cikin shekaru masu yawa, kuma ina ba kusan kowa shawarar ya yi aiki da ita. Abin da ya ɗaga darajarta a idona shi ne ta ɗauki lokaci a matsayin ginshiƙin aikinta, ta kuma bai wa mai amfani hanyar ganin yadda ake kashe shi. A nan ne kuma iyakarta take, domin alƙawarin lokaci ba ita kaɗai ke iya cika shi ba, sai da hannun kenel, wato zuciyar babbar manhajar da take zaune a kai.

Matsalar sauti da bidiyo a babbar manhaja matsala ce ta wa'adi. Idan mutum yana rubutu harafi ya makara da milisakan 30 kafin ya bayyana, da wuya ya lura, idan kuma fayil ya ƙara daƙiƙa ɗaya kafin ya gama sauka, ba abin da ya ɓaci. Katin sauti ba shi da wannan haƙurin. Idan an saita shi a kan 48,000, to samfurin sauti 48,000 yake cinyewa a kowace daƙiƙa, ba ya sassautawa don masarrafi ya shagala da wani aiki. Kamar bokiti ne mai huji a gindi wanda dole a riƙa zuba masa ruwa kafin ya ƙafe: idan bokitin babba ne mai zubawa yana da sararin numfashi, sai dai ruwan da ya zuba yanzu zai daɗe kafin ya fita, idan kuwa ƙarami ne ruwan yana fita nan take, amma ƙiftawar ido ta isa ya tarar da shi a bushe. Bushewar nan ita ce 'yar ƙarar da ke katse sauti, wadda masu harkar ke kira xrun. PipeWire tana aiki ne da samfura ƙunshi-ƙunshi, girman ƙunshin da take zuwa da shi kuwa 1024 ne, kimanin milisakan 21 ke nan. Idan aka rage shi zuwa 256 wa'adin ya koma milisakan 5 da ɗoriya, a 64 kuma bai kai milisakan ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan taƙin dole kowace manhaja ta farka, ta sarrafa nata rabon, ta miƙa wa ta gaba, a gauraya, a zuba wa kati, sannan a maimaita, sau 750 a daƙiƙa guda. Mai sauraron lacca ba ruwansa da jinkirin milisakan 21, amma mai kaɗa jita da ke jin kansa ta cikin kwamfuta yana jin sa a yatsunsa, domin kowane milisakan 10 daidai yake da ja da lasifika baya da kusan mita uku da rabi.

Waɗannan buƙatu biyu su ne suka raba kan Linux gida biyu na tsawon lokaci. A ƙasa akwai ALSA, wadda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, mai ɗauke da direbobin katunan sauti a cikin kenel. A samanta masu aikin ɗaukar sauti da haɗa kiɗa suna da JACK, wadda Paul Davis ya jagoranta tun farkon shekarun 2000, mai ƙaramin jinkiri da 'yancin haɗa kowace manhaja da kowace, amma mai neman a zaɓa mata kati da girman ƙunshi tun kafin a fara. Sauran jama'a kuma suna da PulseAudio ta Lennart Poettering, wadda ta iya sauya na'ura ana tsakiyar aiki, ta iya bai wa kowace manhaja ƙarfin muryarta, ta kuma iya tattalin batir, amma ba a gina ta don ɗakin ɗaukar sauti ba. Duk wanda ke buƙatar biyun a kwamfuta ɗaya ya san wahalar da ke ciki: a dakatar da wannan, a tayar da waccan, a gina gada a tsakani, sannan burauza ta yi shiru saboda an riga ta kama kati.

Dabarar PipeWire ita ce ba ta nemi kowa ya sake rubuta manhajarsa ba. Tana amsa kiran manhajojin da aka rubuta don PulseAudio da harshen da suka saba, tana ba manhajojin JACK wani kundin umarnin manhaja (library) da ke maye gurbin na asali, waɗanda ke magana da ALSA kai tsaye kuma tana da mashigar da take karɓar su. Wanda ya rubuta umarnin pactl info zai ga sunan PulseAudio, sannan a gefensa an rubuta cewa a kan PipeWire take gudana. Amfanin wannan yana fitowa fili idan aka buɗe qpwgraph ko Helvum, manhajojin da ke zana taswirar haɗe-haɗen. Ga akwatin makirfo a hagu, ga na burauza da ake taro a cikinta, ga na Ardour da ake ɗaukar sauti da ita, ga lasifika a dama, kowane da ƙofofinsa na shiga da fita. Mutum yana iya jan layi da linzami daga bakin makirfo zuwa matatar da ke rage hayaniya, daga matatar zuwa burauza, ya kuma ja wani daga muryar abokan taro zuwa wata tasha ta daban a Ardour, duka ana cikin magana ba tare da an katse ba. A da wannan aiki ne na yini guda da rubuce-rubucen saiti, yanzu kuwa na minti biyu ne, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin girka ta ga mai koyarwa ta intanet ko mai shirya shirye-shiryen murya.

Abin da ya fi burge ni yana can ƙasa inda ido ba ya gani. A kowace taswira akwai gaɓa ɗaya, wato ɗaya daga cikin akwatunan nan, da ke riƙe da agogo, yawanci katin sautin da ake fitarwa ta kansa, ita ce ke buga ƙararrawar fara kowane zagaye. Sauran gaɓoɓin suna bin juna bisa wanda ke jiran wani, kuma idan ɗaya ta gama tana iya tayar da ta gaba da kanta, ba sai an koma wurin uwar manhajar an nemi izini ba. Bayanan sautin ma ba a kwafe su daga wannan zuwa waccan ta doguwar hanya, ana ajiye su ne a wani yanki na ƙwaƙwalwa da ɓangarorin suka yi tarayya a kai. Sannan girman ƙunshi ba a kafe yake ba. Idan kiɗa kawai ake saurare, ana aiki da babban ƙunshi, masarrafi ya samu barci tsakanin zagaye, batir ya daɗe. Da zarar an buɗe manhajar da ta nemi ƙaramin jinkiri, sai taswirar duka ta sauko zuwa abin da ta nema, idan an rufe ta kuma a koma. Wannan shi ne sulhun da aka daɗe ana nema tsakanin gidajen biyu, kuma a ganina an yi shi da basira.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan da ido ita ce umarnin pw-top. Yana fito da jadawali mai sabunta kansa, kowace gaɓa da layinta. Akwai gurbin girman ƙunshi da na yawan samfura a daƙiƙa, sai gurbi biyu da ya kamata a zuba wa ido: WAIT, wato tsawon lokacin da gaɓa ta yi tana jira kafin a ba ta masarrafi, da BUSY, wato lokacin da ta kashe tana aikinta. Kusa da su an raba kowanne da tsawon zagayen, ta yadda idan adadin ya doshi 1.00 an san wa'adi ya kusa kufcewa. Daga nan sai ERR, mai ƙirga sau nawa aka makara. Idan aka tilasta ƙunshi ya koma 64 ta hanyar pw-metadata, sannan aka ɗora wa kwamfuta wani aiki mai nauyi, za a ga lambobin suna rawa, kuma duk lokacin da ERR ya ƙaru da ɗaya kunne zai ji shaidarsa. Darajar jadawalin ita ce yana raba laifi gida biyu. Idan BUSY ne ya kumbura, manhajar ce ta yi nauyi, sai a rage mata kaya. Idan WAIT ne, manhajar a shirye take, wani ne ya hana ta hanya, kuma neman maganin ya koma can ƙasa.

Kafin a sauka can, akwai batun agogo da ya cancanci yabo. Kowane katin sauti yana da nasa agogon, kuma biyu ba sa taɓa tafiya daidai, ko da an rubuta 48,000 a jikin kowanne. Idan makirfo na USB yana ɗauka, lasifikar cikin kwamfuta tana fitarwa, a hankali ɗaya zai tsere wa ɗaya har ma'ajiya ta cika ko ta ƙafe. PipeWire tana bibiyar wannan saɓanin, tana ɗan miƙe ko tauye sautin na'urar da ke bi da wani adadi da kunne ba ya kamawa, don su ci gaba da tafiya tare. Mai amfani ba ya saita komai. Ga masu manyan katuna akwai yanayin Pro Audio, wanda ke buɗe dukkan tashoshin kati yadda suke ba tare da an ƙaddara cewa wannan hagu ne wancan dama ba.

Yanzu ga kenel. Linux tana raba masarrafi tsakanin ayyuka na yau da kullum bisa adalci, da tsarin rabon lokaci mai suna CFS tun 2007, sannan da EEVDF tun siga ta 6.6 a 2023. Adalci kuwa ba shi ne buƙatar sauti ba, domin zaren aikin sauti, wato ɓangaren manhajar da ke sarrafa sautin, ɗan lokaci kaɗan yake so, amma yana son sa yanzu. Saboda haka PipeWire tana neman a ɗaga zaren da ke sarrafa bayanai zuwa ajin gaggawa, inda ake da matakan fifiko daga 1 zuwa 99, mai babban mataki kuma yana ture na ƙasa da shi nan take. Idan an bai wa mai amfani wannan izini a saitin tsaro, tana ɗauka kai tsaye, idan ba a ba shi ba sai ta roƙa ta hannun RTKit, wadda ke bayar da mataki mai iyaka tana kuma sa ido kada wani ya danne kwamfutar. Kenel ma da kansa yana tanadar wa ayyukan yau da kullum kashi 5 cikin ɗari na kowace daƙiƙa a saitinsa na asali, don kada ajin gaggawa ya danne su. Wannan tsari yana aiki, kuma yana aiki da kyau a mafi yawan lokuta. Amma fifiko yana cewa ne wane zai riga wane, ba ya cewa ko lokacin zai ishi kowa. Ba mai hana mutum ɗora matata ta goma a kan taswirar da ke ɗaukar tara da ƙyar, sai dai ya ji sakamakon a kunnensa.

Masu binciken kwamfuta sun daɗe da sanin wannan gibin. Tun a 1973 C. L. Liu da James Layland suka nuna cewa idan ayyuka masu maimaituwa suna da kafaffen fifiko bisa yawan maimaituwarsu, tabbacin cika wa'adi yana tsayawa ne a wajen kashi 69 cikin ɗari na ƙarfin masarrafi idan ayyukan sun yi yawa, alhali idan kullum ana fara wa wanda wa'adinsa ya fi kusa, ana iya kaiwa ɗari bisa ɗari a masarrafi guda. Da bidiyo ya fara shiga kwamfutocin tebur a shekarun 1990, tambayar ta dawo da ƙarfi. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Clifford Mercer da Stefan Savage da Hideyuki Tokuda sun gwada ware wa manhaja wani kaso na masarrafi a matsayin ajiya tata. A Jami'ar Kambirij ta Ingila an gina Nemesis, babbar manhajar da aka tsara daga tushe don sauti da bidiyo, bisa lura da cewa idan manhajoji da yawa suna tura aikinsu ga mai hidima guda, lissafin wanda ya ci lokaci yana rikicewa, nauyin wannan ya shafi ingancin wancan, don haka gara kowace manhaja ta yi aikinta da kanta a cikin nata kason. A 1998 kuma Luca Abeni da Giorgio Buttazzo a Italiya suka fito da hanyar bai wa aiki kasafin lokaci a kowane zagaye, wanda idan ya cinye sai ya jira, ba ya taɓa na maƙwabcinsa.

Wani ɓangare na wannan gado ya iso Linux. SCHED_DEADLINE ya shiga kenel a siga ta 3.14 a 2014, inda aiki ke faɗin lokacin da yake buƙata, da wa'adinsa, da tsawon zagayensa, kenel kuma ya ƙi karɓar sa idan lissafi ya nuna babu wuri. PREEMPT_RT, wanda ke rage wuraren da kenel ke ƙin a katse shi, ya shiga babban reshe a siga ta 6.12 a ƙarshen 2024 bayan kusan shekara ashirin yana gefe. Idan aka auna PipeWire da wannan ma'auni, za a ga ta ɗauki darasin Nemesis a wani fanni, tunda manhajojin da ke magana da ita kai tsaye suna sarrafa sautinsu a cikin gidansu, amma yadda ake girka ta a yau fifiko take nema, ba ajiyayyen kaso ba. Ba na ɗora mata laifi kacokan, domin nauyin gaɓa yana canzawa da zarar an ƙara matata ko an sauya ƙunshi, gaɓoɓin kuma sarƙe suke da juna, ga shi ajin wa'adi yana buƙatar izinin da ba a bai wa kowace manhaja. Duk da haka gibin yana nan: gaɓa ɗaya mai nawa tana iya ɓata zagayen duk waɗanda ke jiran ta. Siga ta 1.2 ta 2024 ta kawo sauƙi, inda ake iya barin wata gaɓa ta yi aiki ba tare da an tsaya jiran ta ba a kan farashin ƙarin jinkirin zagaye guda, ana kuma iya raba aikin a kan zare fiye da ɗaya. Mataki ne mai kyau, kuma ina fatan a kai ga ranar da tsarin zai iya gaya wa mutum tun kafin ya fara cewa abin da ya haɗa ba zai shiga cikin wa'adi ba.

Bluetooth ba ya buƙatar dogon bayani. PipeWire tana ɗaukar hanyoyin matse sauti na SBC da AAC da aptX da LDAC gwargwadon abin da na'ura da nau'in Linux ɗin suka yarda da shi, tana kuma sauya hedfon daga yanayin sauraro zuwa na kira idan an buɗe makirfo, ta mayar da shi idan an gama. Raguwar ingancin murya a lokacin kira daga tsarin Bluetooth ɗin kansa take, haka ma yawancin jinkirinsa, don haka kada mai kaɗa kayan kiɗa ya sa rai a nan.

A fannin bidiyo, babbar nasarar PipeWire ita ce nuna fuskar kwamfuta a ƙarƙashin Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a allon Linux. A tsohon tsarin X11 kowace manhaja tana iya leƙa tagar kowace ba tare da an tambayi kowa ba, wanda sauƙi ne ga mai ɗaukar hoto, kuma sauƙi ne ga ɓarawon bayanai. Wayland ta rufe wannan ƙofar, sai aka buƙaci wata halastacciya. Yanzu idan burauza ko manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS Studio, wadda ta samu wannan damar a siga ta 27 a 2021, ta nemi ɗaukar allo, tebur ne ke fito da taga ya tambayi mai kwamfuta wane allo ko wace taga ya yarda a gani, sannan a turo wannan kaɗai ta PipeWire. Nauyin bayanan ba ƙarami ba ne: hoto ɗaya mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ya haura megabayit 8 kafin a matse shi, sau 60 a daƙiƙa kuwa ya doshi megabayit 500. Shi ya sa yake da muhimmanci cewa ana iya miƙa hoton yana zaune a ƙwaƙwalwar katin zane ta hanyar DMA-BUF, a ba da shaidar inda yake kawai maimakon a kwashe shi. Tsarin neman izinin nan ya dace da manhajojin Flatpak da ke zaune a killace, kuma a ganina shi ne daidai.

Kyamara ce ba ta kai wannan matsayi ba tukuna. PipeWire tana iya raba kyamara ɗaya ga manhajoji da yawa, tana kuma aiki da libcamera don sababbin kyamarori masu sarƙaƙiya, amma manhajoji da dama har yanzu suna zuwa wurin na'urar kai tsaye, wanda ya riga kamawa kuma ya hana saura. Daidaita murya da motsin leɓe ma har yanzu yawancinsa a wuyan manhajar kallo yake. PipeWire tana taimakawa ne ta hanyar sanar da jinkirin hanyar da sauti zai bi. Iyakar kuwa ƙunci gare ta, domin ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya ITU ya nuna mai kallo yana fara lura idan murya ta riga hoto da kimanin milisakan 45, ko ta makara da kimanin 125.

Inda na fi samun abin suka shi ne saiti da bayanin saiti. PipeWire ba ta yanke shawarar wace manhaja za ta tafi wace na'ura, wannan aikin WirePlumber ne, wadda kamfanin Collabora ya jagoranci ginawa. Raba aikin yana da hikima, amma ga mai neman gyara yana nufin wurare uku na bincike: saitin PipeWire, da na sashen da ke amsa kiran PulseAudio, da na WirePlumber. Ƙari a kan haka, siga ta 0.5 ta WirePlumber a 2024 ta sauya tsarin rubuta saiti daga Lua zuwa wani nau'in JSON, tsofaffin fayiloli suka daina tasiri, alhali intanet cike take da shawarwarin da aka rubuta don tsohon tsari. Misali biyu sun isa. Na'urar da ta yi daƙiƙa 5 ba a amfani da ita ana kwantar da ita, wasu lasifikoki kuma suna yin 'yar ƙara ko su haɗiye farkon magana idan sun farka. Maganin layi kaɗan ne, amma sai an san sunan gaɓar, an san babban fayil ɗin da ya dace, an kuma rubuta ƙa'idar da sabon salo. Haka nan saitin asali yana tafiyar da komai a kan 48,000, don haka sautin da aka ɗauka a kan 44,100 irin na faifan CD ana juya shi, sai mutum ya ƙara jerin adadin da ya yarda da su da hannunsa. Juyin yana da inganci, mafi yawan kunnuwa ba za su ji bambanci ba, amma mai aikin da ke buƙatar samfura su isa yadda suke ya cancanci maɓalli a fili. Shawarata ita ce kada a taɓa fayilolin da suka zo da manhajar, a rubuta ƙananan gyare-gyare a babban fayil na mai amfani, kowane gyara da fayil ɗinsa, domin a san abin da za a cire idan an sabunta.

Masu rubuta manhaja ma suna da nasu ƙorafin da ya halatta. Hanyar magana da PipeWire kai tsaye tana da ƙarfi, amma tsarin bayyana siffar bayanai da ake yarjejeniya a kansa yana da wuyar shiga kai, misalan da ke akwai kuma ba su rufe kowane lungu ba. Wanda sauti mai sauƙi kawai yake so ya fitar zai fi hutawa idan ya bi ta GStreamer ko SDL ko tsohuwar hanyar PulseAudio, tunda duka suna isa wuri ɗaya.

Ga ɗalibi ko mai bincike a fannin manyan manhajoji, ina ganin ta a matsayin ɗakin gwaji da aka samu a sama. Umarnin pw-dump yana fitar da yanayin taswira duka a rubuce yadda wata manhaja za ta iya karantawa, pw-profiler yana tattara lokutan kowane zagaye don a zana su, idan aka haɗa da cyclictest mai auna jinkirin farkawa a kenel kuma, ana iya gwada tambayoyi na gaske: me PREEMPT_RT ke canzawa a ƙunshi 64, me yanayin tattalin wuta na masarrafi ke jawowa, yaya direban katin zane ko na Wi-Fi ke shafar WAIT. Gargaɗi biyu ne kawai. Matsakaicin adadi ba ya faɗin komai a nan, mafi munin zagaye shi ne abin dubawa, domin makara ɗaya cikin dubu ana jin ta. Sannan girman ƙunshi ba shi ne jinkirin da kunne ke ji ba, tunda akwai na mai juya sauti zuwa lambobi, da na USB, da na ma'ajiyar kati. Wanda ke son adadi na gaskiya sai ya haɗa mafitar kati da mashigarsa da waya, ya auna zuwa da dawowa da jack_iodelay.

Wanda ya fito daga macOS zai tarar Linux ta matso kusa da abin da ya saba da shi a Core Audio, inda tsari ɗaya ke yi wa mai sauraro da mai ɗaukar sauti hidima, wanda ya fito daga Windows kuma zai huta da neman direban ASIO na daban don samun ƙaramin jinkiri. Mai amfani na yau da kullum ba shi da abin yi, domin galibi nau'in Linux ɗinsa ya riga ya girka masa. Mutum ɗaya ne zan ce ya yi a hankali: mai ɗakin ɗaukar sauti da ya daɗe da daidaita JACK a kan kati guda, kuma komai yana tafiya yadda yake so. Shi ya gwada PipeWire a wata kwamfuta da katin nasa da nauyin aikinsa na gaske, ya bar pw-top a buɗe na tsawon zaman ɗauka guda yana duban ERR, kuma ko ya ga bai gamsu ba yana iya barin JACK ta ci gaba da riƙe katin, ya sa PipeWire ta shiga a matsayin ɗaya daga cikin masu hulɗa da ita don burauza da sauran manhajojin tebur su samu murya.